In Hoton Tsutsa Ya Ƙi Tafiya

Malam manomi, ka ga tsutsa a zogalenka na Jiratawa, ka ɗauki hotonta da salula, amma ya ƙi isa wurin malamin gona. Ga abin yi.

Saƙon hoto na MMS ba ya bin Wi-Fi, sai layin waya. Kashe Wi-Fi, ka kunna intanet ɗin layinka, ka sake aikawa. In ta WhatsApp ne, duba ko mega ta ƙare.

Ku mutanen Ɗan Isa, ku lura, salula takan kama rezon Nijeriya. Ku mai da ita kan na gida.

In ya ƙi har yamma, kada ka kwana jira. Zuba tsutsar da ganyen cikin kwalba, ka kawo mana Madarumfa kafin ka sayi magani.