Ina Ungulayen Sakkwato?

'Yan'uwa, duk wanda ya girma a Sakkwato ya san yadda ungulaye su kan jeru a kan katangar mayanka da bakin kasuwar Kara, suna jiran mahauta su gama aiki. Yau fa mutum ya kan yi wata da watanni bai ga ko ɗaya ba. A shekara ta 2015 masana suka sa wannan ungulu ta gida cikin jerin tsuntsayen da su ke dab da ƙarewa a duniya.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana kashe su domin a sayar da kawunansu ga masu tsafi, abin da ba shi da wuri a gidan mai bi. Waɗansu su kan mutu da gubar da aka zuba a kan mushe. Tsamiya da kukar da su ke sheƙa a kai kuwa mun sare. Ga shi ƙwai ɗaya tak ungulu ta kan saka a shekara, don haka idan aka kashe uwa ɗaya, a kan daɗe ba a mai da gurbinta ba.

Mu kan ce ungulu ƙazama ce. Gaskiya ne Littafin Firistoci sura 11 ya lissafta ta cikin tsuntsayen da ba a ci, amma bai ce a hallaka ta ba. Ita ce mai sharar gari wadda ba ta karɓar albashi, gama cikinta yana narkar da ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama.

Mu dubi ƙasar Indiya. Tun daga wajen 1990 ungulayensu suka soma mutuwa saboda wani maganin shanu mai suna diclofenac, har fiye da 95 cikin 100 suka ɓace kafin a hana bai wa dabbobi shi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, ciwon haukan kare ya kashe mutane da yawa.

To, yaran da ke yawo da danƙo namu ne. Malaman makarantar Lahadi, ku ba su labarin nan. Asabar ta fari a watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya. Ku kai su bakin mayanka da safe, su ƙirga waɗanda suka gani, a rubuta, baɗi kuma a sāke ƙirgawa.