Wane tsari ya dace da Super Eagles?

Tambaya: Malam, kullum muna gardama a gidan kallon ƙwallo a Garo kan wa ya kamata a sa wa Super Eagles. Ka raba mu.

Amsa: Ɗan'uwa, fara daga tsakiya, kada manyan sunaye su ruɗe ka. Ni 4-3-3 na zaɓa: Ndidi ya tsare gaban 'yan baya, Iwobi ya raba ƙwallo, Osimhen a gaba, Lookman yana kutsowa ta hagu. Tara 'yan gaba huɗu babu mai ba su ƙwallo asara ce.

Kuma a bar wa 'yan gasar gida gurbi. A 2013 koci Stephen Keshi ya amince da ɗan gasar gida Sunday Mba, shi kuwa ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe, muka ɗauko kofin Afirka.