Mu Koyi Turanci: Turken Jiya da Turken Gobe

Darasinmu na wannan wata a kan lokatai biyu ne na Turanci waɗanda su ke ba mutane wahala ƙwarai. Turawa suna kiran na fari "past perfect", na biyu kuwa "future perfect". Mu za mu kira su kammalalle na baya da kammalalle na gaba. Kada kalmar nan "perfect" ta ruɗe mu. Daga harshen Romawa na dā ta fito, ma'anarta kuwa a nan ita ce abin da aka kammala.

INDA WAHALAR TA KE

Mu ɗauki misali daga tashar motoci ta Unguwa Uku, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni a Kano, inda a ke shiga motar Zariya da Kaduna. Bahaushe ya kan ce:

Jiya, kafin in isa tasha, mota ta tashi.
Gobe, kafin in isa tasha, mota ta tashi.

Mu lura da kyau. A zance na fari tafiyar ta wuce, a na biyu ba a yi ta ba tukuna, amma duka biyu "ta tashi" muka ce. Gama "ta tashi" yana nuna cewa aiki ya ƙare ne kawai. Jiya da gobe su ne su ke faɗa mana lokaci. Turanci ba haka ya ke ba. Ko da an ambaci jiya ko gobe, tilas kalmar aiki ita ma ta nuna lokaci:

Yesterday, by the time I reached the park, the bus had left.
Tomorrow, by the time I reach the park, the bus will have left.

Ashe tunanin ba baƙo ba ne a gare mu, kullum muna yinsa da Hausa. Abin da ya rage mu koya shi ne alamar da Bature ya ke sa wa kalmar aiki.

A KAFA TURKE

Ga hanya mai sauƙi. A cikin kowane irin zancen nan akwai lokaci guda da mai magana ya kafa kamar turke. A misalinmu turken shi ne sa'ad da muka isa tasha. Sai mu tsaya a gindin turken, mu waiwaya baya, mu tambayi kanmu: an riga an gama aikin nan kafin a iso nan? Idan an gama, sai mu duba inda turken ya ke. In a baya ya ke, mu ce "had". In a gaba ya ke, mu ce "will have".

Bayan "had" ko "will have" sai a kawo siffa ta uku ta kalmar aiki. Kowace kalmar aiki ta Turanci tana da siffofi uku da ya kamata a haddace. Yawancinsu suna ƙarewa da "ed" a siffa ta biyu da ta uku, kamar reach, reached, reached. Amma akwai kimanin 200 da ba su bin wannan ƙa'ida, cikinsu kuwa har da waɗanda a ka fi amfani da su yau da kullum:

go, went, gone
take, took, taken
write, wrote, written
eat, ate, eaten
leave, left, left
pay, paid, paid
sew, sewed, sewn
be, was, been

Abu ɗaya mai daɗi shi ne "had" da "will have" ba su sakewa, ko mutum ɗaya ne ko mutane da yawa: I had paid, she had paid, they had paid. I will have paid, she will have paid, they will have paid. A tsofaffin littattafai za mu ga "shall have" tare da "I" da "we". Daidai ne, amma yanzu "will have" ya fi yawa a bakin mutane.

KAMMALALLE NA BAYA

Tarihin ƙasarmu ya ishe mu misali. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Gwamna Lugga ya haɗa Arewa da Kudu a 1914. Idan mun kafa turke a 1914, sai mu ce:

By 1914 the railway had reached Kano.

Watau a 1914 jirgi ya riga ya iso Kano. Haka kuma an yanke Jihar Jigawa daga Kano a watan Agusta 1991, aka kuma mai da babban birnin ƙasa daga Ikko zuwa Abuja a watan Disamba na shekarar nan.

When the capital moved to Abuja, Jigawa had already become a state.

Kalmar "already" ita ce "riga" tamu. Duk inda za mu iya sa "riga" a Hausa cikin labarin abin da ya wuce, sau da yawa wurin "had" ne a Turanci.

Wani zai ce, to, mene ne laifi in na bar "had"? Mu je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya ke kan titin Zariya wajen Gyaɗi-Gyaɗi. Da Turanci a ke rubuta takardun marasa lafiya, wani lokaci kuma ɗayanmu ne za a roƙa ya yi tafinta tsakanin uwar yaro da likitan da ba ya jin Hausa. A ce ƙuraje sun feso wa yaro. Ga zance biyu:

When the rash appeared, the child took the medicine.
When the rash appeared, the child had taken the medicine.

Na fari yana cewa ƙuraje suka fara fitowa, sa'an nan yaro ya sha magani. Na biyu yana cewa yaro ya riga ya sha magani kafin ƙuraje su fito. Likitan da ya ji na biyu zai yi tunani ko maganin ne ya kawo ƙurajen, gama akwai magungunan da su kan yi wa waɗansu mutane haka, zai kuma tambayi sunan maganin. Wanda ya ji na fari mai yiwuwa hankalinsa ya tafi wani wuri dabam. Ƙaramar kalma ce mai baƙi uku, amma ita ce ta nuna abin da ya fara faruwa.

Akwai wuri na biyu da a ke bukatar "had", watau sa'ad da mu ke ba da labarin abin da wani ya faɗa. Ɗan haya ya ce, "I have paid the rent." Bayan kwana biyu, mai ba da labari sai ya ce:

He said that he had paid the rent.

Turken a nan shi ne ranar da ya yi maganar, biyan kuɗin kuwa ya riga ta.

In za a ƙi, a sa "not" bayan "had": The bus had not left. In za a yi tambaya, a fara da "had": Had the bus left?

KAMMALALLE NA GABA

Yanzu mu cire turken mu kai shi gaba. A ce akwai biki ran Asabar da safe, an kai wa tela ɗinki a kasuwar Tarauni. Ga alkawari iri biyu:

The tailor will sew the gown on Friday.
The tailor will have sewn the gown by Friday.

Na fari, ran Jumma'a ne tela zai zauna a kan keke ya ɗinka. Na biyu, kafin Jumma'a ta yi, ko a ranar ma, riga tana rataye an gama ta. Mai biki ya san wanda zai fi kwantar masa da hankali. Haka ya ke a wasiƙar ofis da takardar yarjejeniya. Magini da ya rubuta "I will have finished the roof by June" ya ɗaure kansa da cewa kafin Yuni rufi ya ƙare. Kada mu sa hannu a kan irin wannan zance sai mun tabbata za mu iya cikawa, kada kuma mu karɓi "will finish" muna tsammani "will have finished" aka ba mu.

Abokin wannan lokaci shi ne "by". Idan mun ga "by Friday", "by next year", ko "by the time", mu san an kafa turke. Ana kuma amfani da shi wajen lissafin shekaru. An kafa asibitin da muka ambata a 1988, Nijeriya kuwa ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960.

By the end of 2038 the hospital will have completed 50 years.
By the end of 2060 Nigeria will have been independent for 100 years.

Wajen ƙi, "not" yana shiga tsakani: The tailor will not have finished. Wajen tambaya: Will the tailor have finished?

KUSKURE BIYAR DA ZA MU GUJE WA

Na ɗaya, sa siffa ta biyu a wurin ta uku. Ba a cewa "he had went" ko "she will have wrote". A ce "he had gone", "she will have written".

Na biyu, cewa "he will has". Bayan "will" kullum "have" ne.

Na uku, sa "had" a kowane tsohon labari. Waɗansu suna tsammani abin da ya daɗe shi ke ɗaukar "had". Ba daɗewa ba ce, turke ne. In babu wani abin da aikin ya riga, lokaci mai sauƙi ya isa: "The railway reached Kano in 1911." Haka kuma "I went to the market yesterday", ba "I had gone" ba.

Na huɗu, sa "will" bayan "by the time", "before" ko "when". Bature ya kan ce "by the time you come", ba ya cewa "by the time you will come", ko da ya ke zuwan gobe ne.

Na biyar, haɗa "will have" da "would have". "I will have paid" alkawari ne. "I would have paid" kuwa shi ne "da na biya", watau ba a biya ba. Mai bin bashi ya kamata ya san bambancin.

AIKIN GIDA

Masu shirin jarrabawar WAEC su kula, gama irin waɗannan tambayoyi su kan fito. An ƙirƙiri Jihar Kano ran 27 ga Mayu 1967. A cika wuraren da aka bari da kalmar da aka bayar a ƙarshen layi.

1. When Jigawa was created in 1991, Kano ...... a state for 24 years. Kalma: be.
2. By the end of 2067 Kano ...... a state for 100 years. Kalma: be.
3. She told me that she ...... the letter. Kalma: write.
4. By the time you come tomorrow, we ...... our food. Kalma: eat.

A gyara waɗannan:

5. He had went to Court Road before the rain started.
6. By the time you will return, I will have finish the work.

A juya zuwa Turanci:

7. Bara, kafin ruwa ya sauka, mun gyara rufin ɗaki.
8. Baɗi, kafin ruwa ya sauka, mun gyara rufin ɗaki.

AMSOSHI

A rufe wannan wuri da hannu sai an gama.

1. had been. 2. will have been. 3. had written. 4. will have eaten. 5. He had gone to Court Road before the rain started. 6. By the time you return, I will have finished the work. 7. Last year, before the rains began, we had repaired the roof. 8. Next year, before the rains begin, we will have repaired the roof.

Wanda ya sami shida daidai ya kama hanya. Wanda bai samu ba ya koma ga siffofi uku na kalmomin aiki, gama a can ne yawancin kuskure ya ke fitowa. Muna ba da shawara kowa ya ɗauki littafi, kowace yamma ya rubuta zance biyu: abin da ya riga ya gama kafin tsakar ranar yau, da abin da zai gama kafin tsakar ranar gobe. Ya kai wa wani malami ko ɗan makaranta na gida ya duba masa. Babu kunya ga babba ya tambayi yaro a kan karatu. Sai wata mai zuwa.