Yadda Za A Yi Maganin Tsatso A Lambun Gida Ba Tare Da Guba Ba

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi muku bayani a kan wani ɗan ƙwaro wanda kowa ya sani, watau tsatso, da irin yadda muka rabu da ɓarnarsa a gidanmu da ke Fagge.

A bayan ɗakin Innarmu akwai ɗan fili wanda bai fi taku goma ba. A nan take shuka alayyafo da yakuwa da latas da ɗan tattasai. Daga nan muke samun ganyen miya, abin da ya yi saura kuwa a sayar, a saya mini sabulu da sukari idan zan koma makaranta. Da na zo dogon hutu cikin watan Agusta sai na tarar duk tsiron alayyafon ya zama kamar rariya. Da rana mu duba, ba mu ga kome ba, gari na wayewa kuma sai mu ga sabuwar ɓarna. Baba ya ce zai sayo maganin feshi a kasuwar Sabon Gari. Inna ta ce, "Malam, ganyen da za mu ci jibi, ga kuma yara suna wasa a wurin?" Sai na ce, "Baba, a ba ni kwana bakwai in gwada abin da aka koya mana a darasin aikin gona." Ya ce, "To, na ba ka."

Abu na farko shi ne a san ɓarawon kafin a ɗana masa tarko. Fara da tsutsa da dodon koɗi duk suna cin ganye, kuma kowanne da irin maganinsa. Dodon koɗi yakan bar sawu mai yauƙi, tsutsa kuwa takan bar kashinta a kan ganye. Saboda haka bayan sallar lisha na ɗauki tocila na shiga lambun. Ina haskawa sai ga tsatso birjik a kan tsiron.

Tsatso ƙwaro ne siriri, ja-ja ko baƙi-baƙi, mai ƙafa 6, da wani abu kamar hantsaki a wutsiyarsa. Hantsakin namiji a lanƙwashe yake, na macen kuwa ya fi miƙewa. Masana sun ce akwai irinsa wajen 2,000 a duniya. Yana da fukafukai, amma bai cika tashi ba. Da rana yakan ɓuya a wuri mai duhu da laima, kamar ƙarƙashin tukunya, ko tsagar bango, ko tarin shara, sai dare ya yi ya fito kiwo. Macen takan yi ƙwai cikin ƙasa, ta zauna tana gadinsu tana share su har su ƙyanƙyashe, abin da ba kasafai ake gani ba wajen ƙwari. Akan tsorata yara da cewa yana shiga kunne ya ci ƙwaƙwalwa, har Turawan Ingila ma sunan da suka raɗa masa ma'anarsa ƙwaron kunne. Wannan camfi ne kawai. Ba shi da dafi, iyakarsa ya ɗan mintsini mutum.

Kada kuma a ɗauka shi abokin gaba ne ɗungum. Tsatso yana cin darɓa, yana kuma cin ƙwan tsutsotsi, har da na tsutsar nan mai cinye masara wadda ta ɓulla a Nijeriya cikin 2016. Ɓarnarsa ta fi yawa ga ƙaramin tsiro da furanni. Don haka nufinmu shi ne mu rage shi har shuka ta yi ƙarfi, ba sai mun ƙarar da shi ba.

Ga hanyoyin da na bi.

Na ɗaya, tsabta. Na kwashe tsofaffin kwanoni da fasassun tukwane da ruɓaɓɓen ganye da ke gefen lambun, don nan ne makwancinsa. Na kuma roƙi Inna, idan an yi kwanaki ba ruwan sama, a riƙa ban ruwa da sassafe maimakon yamma, don ƙasa ta sha iska kafin dare.

Na biyu, tarkon takarda. A naɗe tsohuwar jarida kamar tabarma, a ɗan yayyafa mata ruwa, a ajiye tsakanin kunyoyi da magariba. Guntun gora mai rami ma yana yi. Kafin asuba tsatso zai shige ciki don ya ɓuya. Da safe sai a kakkaɓe cikin bokitin ruwan sabulu, ko a zuba wa kaji. Amma kada a saki kajin cikin lambu, don ɓarnarsu ta fi ta tsatso.

Na uku, tarkon mai. Wannan wata ƙawar Inna ce ta koya mini, 'yar Sabon Gari, wadda ke shuka ganyen ugu cikin buhuna a tsakar gidansu. A sami gwangwanin kifi wanda bai rabu da ƙarninsa ba, a zuba masa tsohon man gyaɗa kamar kaurin yatsa, a binne shi bakinsa daidai da ƙasa. Ƙarnin ne ke jawo su, in sun faɗa ba sa iya fita. Na binne 4, kullum safiya in kwashe abin da suka kama.

Na huɗu, toka. Na zagaye tsiron da busasshiyar tokar murhu. Tana aiki muddin a bushe take, in ruwa ya dake ta sai a sake. Kada dai a cika ta, don yawanta yana ɓata ƙasa.

Na biyar, darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro. Asalinta daga Indiya take, ga ta kuwa ko'ina a titunan Kano. A daka busassun ƙwayoyinta kamar giram 500, a jiƙa cikin ruwa lita 10 su kwana, a tace da ƙyalle, a yayyafa wa ganye da yamma, don hasken rana yana kashe ƙarfinta. Ba ta kashe ƙwaro nan take, hana shi cin ganyen take yi. A wanke ganye sosai kafin a dafa, saboda ɗaci.

Watakila wani ya ce, ina dalilin wannan wahala alhali ga magani a kwalba? To, a tuna da Gammalin 20, wanda manoma da yawa suka dogara da shi a da. Cikin 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikinsa a jerin waɗanda aka hana amfani da su a gona, don yana daɗewa cikin ƙasa da ruwa da jikin mutum. Ban da haka, feshi yana kashe ƙwarin da ke taimakon manomi tare da masu ɓarna. Lambun gida kuwa kusa yake da rijiya da madafi da wurin wasan yara. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Da kwana bakwai suka cika, Baba ya shiga lambun ya sunkuya ya duba sababbin ganyen da suka fito, ya ga ba huji. Ya ce, "Madalla, ashe kuɗin makaranta bai faɗi banza ba." Kafin in dawo makaranta na koya wa ƙanena yadda ake naɗe jarida da binne gwangwani, shi ne ke lura da su yanzu.

Ina fata duk wanda ke da ɗan lambu a gidansu zai gwada wannan a hutu mai zuwa, ya kuma fara da ɗaukar tocila da dare. Allah Ya ba mu sa'a, amin.