Darasin Labarin Ƙasa: Hanyar Jirgin da Ta Koma Hanyar Keke a Gaɓar Tekun Ingila

Darasinmu na wannan fitowa ya haɗa labarin ƙasa da tarihi da ɗan lissafi. Za mu duba wata hanya ce mai tsawon kilomita 34 a arewa maso gabashin Ingila, wadda aka keɓe wa masu keke da masu tafiya a ƙasa da mahaya dawaki. Ta taso daga garin Scarborough ta ƙare a garin Whitby, duka a yankin Yorkshire, a bakin Tekun Arewa. Mutanen wurin suna ce mata Cinder Track, ma'ana hanyar toka. In ban da 'yan wuraren da ta tsallaka titi ko ta ratsa cikin gari, mai keke zai yi tafiyarsa ba tare da mota ta yi masa hon ba. To, yaya aka yi aka sami irin wannan hanya a ƙasar da motoci suka yi yawa?

Asalin hanyar

Da can hanyar jirgin ƙasa ce. An buɗe ta a 1885, jirgi ya yi shekara 80 yana bin ta da fasinja da kaya. A yawancin layukan dogo tsakuwa ake zubawa a ƙarƙashin ƙarafa, amma a nan ragowar kwal da ya ƙone aka shimfiɗa. Daga nan sunan ya samo asali.

Da motoci suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen ƙasa na Birtaniya suka shiga faɗuwa. A 1963 shugaban hukumar jiragen, Dokta Richard Beeching, ya fitar da rahoto inda ya ba da shawarar a rufe tashoshi fiye da 2,300 da layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 8,000. Wannan layi na cikin waɗanda abin ya shafa. An rufe shi a 1965, daga baya aka kwashe ƙarafan.

Nan ne gaɓar da ta fi muhimmanci a darasin. Da an yanka filin gunduwa-gunduwa an sayar wa manoma da masu gini, da labarin ya ƙare. Amma a cikin shekarun 1970 ƙaramar hukumar Scarborough ta sayi filin, ta bar shi a haɗe. Yau yana cikin jerin hanyoyin keke na ƙasa baki ɗaya, wani yanki ne na hanya mai lamba 1. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Me ya sa hanyar jirgi take dacewa da keke?

Amsar tana cikin ƙafar jirgi. Ƙarfe ne yake birgima a kan ƙarfe, don haka idan hawa ya yi tsanani sai ƙafafun su riƙa zamewa. Dole injiniyoyi su sassauta hawa da gangara. Inda suka tarar da tudu sai su fasa shi ko su haƙa rami ta ƙarƙashinsa, inda suka tarar da kwari sai su cike shi ko su gina gada. Wahalar da suka sha don jirgi, yau mai keke ne yake cin moriyarta.

Ga lissafin. Wuri mafi tsayi a hanyar shi ne Ravenscar, wajen tsakiyar tafiyar, kimanin mita 190 sama da teku. Hawan da yake kaiwa can daga arewa shi ne 1 cikin 39. Wato duk mita 39 da ka yi gaba, ka hau mita 1. Idan ka yi mita 390, ka hau mita 10 ke nan. A wurin jirgi mai aiki da tururi wannan hawa ne mai wuya ƙwarai, har yakan sha fama idan ƙarafa sun jiƙe da hazon teku. A wurin ɗalibi mai lafiya kuwa, abu ne da zai taka a hankali ba tare da ya sauka ya tura ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da matafiyi zai gani

Wanda ya tashi daga Scarborough ya nufi arewa, teku tana damansa, karkara tana hagunsa. Zai ratsa gonaki da makiyayar tumaki da shanu da kurmi, ya wuce ƙauyuka irin su Cloughton da Staintondale. Wasu tsofaffin tashoshin suna nan, an mai da su gidajen zama ko wurin shan shayi ko wurin hayar keke. Yawancin hanyar yana cikin gandun ƙasa na North York Moors.

A Ravenscar ƙasa takan yanke kwatsam, dutse ya sauka tsaye kamar bango har bakin ruwa. Wurin yana da labarai biyu. Na farko, daga wajen 1650 zuwa shekarun 1860 a nan ake yin alif, irin wanda muke jefawa a randa don ruwa ya kwanta. Su amfaninsa a wurinsu shi ne ya kama rini a jikin ulu don kada ya zuba. Sukan fasa dutsen, su tara shi su ƙona wata da watanni, su jiƙa shi, sannan su haɗa ruwan da tokar ciyawar teku da tsohon fitsarin mutane. Kangon masana'antar yana nan har yanzu.

Na biyu, a shekarun 1890 wani kamfani ya yi niyyar gina babban garin shaƙatawa a wurin. Aka shata tituna, aka binne magudanan ruwa, aka yanka filaye. Masu saye suka zo suka tarar da iska mai ƙarfi, ga bakin ruwan can ƙasa, sai an sha doguwar gangara. Gidaje kaɗan aka gina, kamfanin ya karye. Wanda bai karanta yanayin ƙasa ba kafin ya zuba kuɗinsa, ƙasa za ta karantar da shi.

Daga nan sai gangara zuwa Robin Hood's Bay, ƙauyen masunta mai matsattsun lunguna, wanda ya yi suna da fasa-ƙwauri a ƙarni na 18. Dab da Whitby kuma akwai gadar Larpool a kan kogin Esk. Da jan bulo aka gina ta, tana da baka 13 irin na bakan gizo, tsayinta kimanin mita 36. Inda jirgi yake wucewa da, nan mai keke yake tsayawa ya hango garin.

Teku ba ta barci

Duwatsun wannan gaɓa hawa-hawa suke, kuma masana sun ƙiyasta cewa sun haura shekara miliyan 150. A cikinsu ana tsintar halittun ruwa da suka zama dutse, wasu a naɗe kamar dodon koɗi. Amma ba duka ne masu ƙarfi ba. Igiyar ruwa tana cin gindinsu, ruwan sama yana jiƙa yumɓun da ke samansu har ya yi nauyi ya zame. A watan Yuni na 1993 ƙasa ta zaftare a Scarborough ta rusa wani otal da ke kan gaɓa, Allah Ya sa an fitar da mutane kafin nan. Wannan zaizayar ƙasa ce, 'yar'uwar wadda take cin gonaki da gidaje a garuruwanmu da damina. Ita ma hanyar ruwan sama yana kwashe shimfiɗarta, dole a riƙa gyara magudanai.

Darasi gare mu

Doguwar hanya siririya ba ta da amfani sai tana haɗe. Mun san haka daga burtali: gona ɗaya ta shiga tsakiyarsa, sai ya toshe baki ɗaya, rigima ta biyo baya. Mu ma muna da layin dogon da aka bari, kamar ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos, wanda ya isa Jos a 1914 aka rufe shi a 1957.

Da yawa daga cikinmu a keke muke zuwa makaranta, muna gogayya da tirela da babura da adaidaita-sahu. Mun san fargabar da iyayenmu suke ciki har sai mun dawo. Gobe wasunmu ne za su zama injiniyoyi da kansiloli da masu tsara birane. Idan tsohuwar hanya ko burtali ko gefen magudanar ruwa ya zo gabanmu, mu tuna cewa yanka shi a sayar aikin wata guda ne, sake haɗa shi kuwa da wuya ya yiwu.

Tambayoyi

1. Idan mai keke yana yin kilomita 12 a awa ɗaya, minti nawa zai ɗauka ya gama kilomita 34?
2. A hawan 1 cikin 39, mita nawa mutum zai hau idan ya yi tafiyar mita 1,950?
3. Kawo dalilai biyu da suke sa gaɓar teku zaftarewa.
4. Zana taswirar hanyarka daga gida zuwa makaranta, ka nuna inda ya fi haɗari ga mai keke da yadda za a gyara shi.

A miƙa amsoshi ga sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu manna taswira mafi kyau a fitowa ta gaba, in sha Allahu.