Darasi Na 14: Ƙofar Da Ba Ta Jin Roƙo

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. A da, matafiyi yakan biya kuɗi wurin akawu, a ba shi tikiti, ma'aikaci ya duba.

Yanzu abin ya sake. Cikin 2021 aka fara sayar da tikitin jirgin Abuja zuwa Kaduna ta waya, domin 'yan kamasho sukan saye tikiti su ɓoye, su sayar da tsada. Sabon tikiti yana ɗauke da sunan mai shi, da ranar tafiya, da lambar kujera. Na'ura ce take karanta shi.

A Ikko kuwa, jirgin cikin gari da aka buɗe cikin 2023 da kati ake shiga. Ka zuba kuɗi a katin, ka ɗora shi a bakin ƙofa. In akwai kuɗi, ƙofa ta buɗe. In babu, ta ƙi. Ba ta san sarki ba, ba ta san talaka ba.

Mu mutanen Sandamu, abin nan ya shafe mu. Cikin 2021 aka aza harsashin hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura. Wanda bai iya karatu ba, ana iya sayar masa da tikitin jiya, ya yi asarar kuɗinsa. Saboda haka kada mu yi fashin aji.

Tambayoyi
1. Me aka rubuta a tikiti?
2. Yaushe ƙofa take buɗewa?