Kula da Lafayar Jojet

Yawancin lafaya mai furanni da muke sarowa daga Kantin Kwari yadin jojet ne na roba, irin wanda matan Indiya ke yin sari da shi. Shara-shara ne, don haka sai da doguwar riga mai kauri a ciki, domin malamai sun ce tufar da ke nuna launin fata ba sutura ba ce, ko a salla.

A wanke ta da hannu da ruwan sanyi, kar a murɗe, a shanya a inuwa. Wajen turare da jin ɗumi a hunturun nan namu na Doguwa, a kula fa: tartsatsi ɗaya ya isa ya huda ta. Allah Ya suturta mu.